Tafiyar Ƙasa a Jihar Maraɗi, Daga Bakin Gulbi Har Gadabeji

Jihar Maraɗi doguwa ce daga kudu zuwa arewa, kuma wanda ya taso daga iyakar Najeriya ta wajen Ɗan Isa ya miƙe har ƙasar Bermo zai ratsa ƙasa iri uku cikin tafiyar da ba ta kai kilomita 300 ba. A kudu daji ne mai duhuwa na marke da ƙirya da taramniya, inda ruwan sama yake kai milimita 600 a shekarar da damina ta yi kyau. A tsakiya gonakin hatsi ne da wake da gujiya, gawo da kalgo suna tsaye a cikinsu jefi-jefi. A arewa kuwa noma yana ƙarewa, a shiga ƙasar makiyaya mai tuddan rairayi da ciyawa, inda ruwan shekara sau da yawa ba ya kai milimita 300. Mu mazauna birni mun saba ratsa wannan ƙasa a mota, daga tasha zuwa tasha, muna leƙenta ta taga cikin ƙura. Ni dai na daɗe da gamsuwa cewa ba a saninta ta haka, sai mutum ya sauka ya taka ta da ƙafarsa, tare da wanda ya san sunan kowane itace da kowace turba.

Idan aka yi maganar yawon buɗe ido a tsakaninmu, hankali yakan tafi nesa, zuwa gandun W da ke bakin kogin Kwara, ko duwatsun Abzin, ko Yankari a jihar Bauci, sai a ɗauka abin na masu kuɗi ne ko na baƙi daga Turai. Gaskiya ne ba mu da hanyoyin tattaki irin waɗanda ake kafa wa alluna da alamomi a wasu ƙasashe. Amma hanyoyin suna nan tun kaka da kakanni: burtalin da Fulani suke bi da dabbobinsu, turbar da mata suke bi ranar kasuwa da kaya a ka, ƴar hanyar da take ratsa tsakanin gona da gona, da kuma rairayin gulbi idan ruwa ya ɗauke. Duk wanda yake da lafiyar ƙafa da gorar ruwa zai iya bin su ba tare da ya biya ko dala ba.

Mafi kusa da mu shi ne Gulbin Maraɗi, kuma shi ne aka fi rainawa saboda kusancinsa. Gulbin yana tasowa ne daga ƙasar Katsina, ya bi ta Jibiya ya shigo Nijar, ya ratsa ƙasar Madarumfa, ya gitta ta yammacin birninmu, ya wuce Tsibirin Gobir da Gidan Rumji, sannan ya koma Najeriya ya haɗu da ruwan Rima. Watannin damina kaɗai yake gudu, sauran shekara rairayi ne fari da mutum zai yi tafiya a cikinsa. Wanda ya sauka daga tsofaffin unguwanni irin su Bagalam ko Mokoyo bayan sallar asuba, cikin ƴan mintoci zai ji iska ta sauya, domin fadama tana riƙe sanyi da raɓa fiye da tudu. Ƙarar kabu-kabu tana raguwa a bayansa, sai ya fara jin injin ban-ruwa yana bugawa daga nesa, da kukan kurciya a kan mangwaro, da muryoyin masu garka suna gaisawa daga wannan shinge zuwa wancan.

A wannan fadama ce tsohon birnin Maraɗi yake tun farko. Bayan jihadi ya karɓe Katsina a farkon ƙarni na 19, sarakunan Katsina na Haɓe suka yo arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa zamansa a nan wajen 1819, kuma tarihin da muka gada yana nuna cewa duhuwar dajin da ke cikin kwarin tana daga cikin abin da ya kare su daga mahaya dawakai. Gobirawa ma a bakin wannan gulbi suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. A 1945 ambaliya ta cinye tsohon garin, aka tashe shi aka mai da shi kan tudu, aka yanka masa tituna miƙaƙƙu irin na Nasara. Saboda haka mai tafiya a fadama yana taka wurin da kakanninmu suka yi kasuwa da fada da maƙabarta, ko da yake yau abin da zai gani shi ne kwamin tumatir da salati da albasa. Ina ganin ya kamata kowane ɗan Maraɗi ya tsaya a wannan wuri ko sau ɗaya, ya dubi tudun da garin yake a kai daga ƙasa, domin ta nan ne kawai ake fahimtar dalilin da ya sa birnin yake yadda yake.

Tafiyar da na fi so ita ce wadda take yin kudu ta wajen Tarna da Sumarana, a bi gefen garake har a kai Jiratawa, inda aka gyara fili domin noman rani kuma zogale ya zama sana'ar gidaje da yawa. A wannan hanya mutum yana ganin alheri da ɓarna a wuri guda. Alherin shi ne ruwan da ke kusa da ƙasa, wanda yake ciyar da kasuwannin birni da ganye da kayan miya duk tsawon rani. Ɓarnar kuwa ita ce gaɓar gulbi da take zaftarewa shekara bayan shekara, har a ga saiwoyin tsohon mangwaro a fili suna lilo, da ramukan masu buga tubali, da manyan motocin da ke kwasar rairayi domin gine-ginen birni. Dattawan wurin suna faɗin cewa tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya, gulbin bai ƙara malala cikin fadama yadda ya saba ba, wato malalar da take barin laka mai taki a gonaki idan ruwa ya janye. Wanda ya tsaya ya yi sallama, ya ce "Baba, sannu da aiki, ina gajiya," ya ɗan zauna a bakin rijiya, zai ji wannan bayani dalla-dalla daga bakin wanda ya gani da idonsa, har a nuna masa iyakar da ruwa yake kaiwa a da.

Daga nan sai Madarumfa, kimanin kilomita 25 kudu da Maraɗi. Tafkin Madarumfa shi ne ruwa mafi girma da ba ya ƙafewa a jiharmu, Gulbin Gabi ne yake zuba masa, kuma faɗinsa yana ƙaruwa yana raguwa bisa ga lokaci: da kaka yana cika ya shiga cikin itatuwa, da bazara ya ja baya ya bar fili mai danshi da ake shukawa. A 2019 aka saka shi cikin jerin wuraren dausayi masu muhimmanci na duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, da faɗin hekta 524. Tun kafin nan, a 2006, Nijar ta gabatar da shi ga UNESCO cikin jerin wuraren da take fatan a amince da su a matsayin kayan tarihin duniya, haɗe da gandun dajin Madarumfa da kushewun waliyyai 99 da ke kewaye da tafkin, waɗanda mutane suke zuwa ziyara daga Nijar da Najeriya.

Zagaya wani sashe na tafkin da ƙafa aiki ne na safiya guda, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ruwa bai ja da yawa ba kuma tsuntsayen da suke gudo sanyin Turai sun iso. Da hantsi ana ganin zalɓe tsaye a ruwa marar zurfi ba ya ko motsi, belbela suna bin shanun da aka kawo shayarwa, kirinjijiya suna tashi garke guda da fito irin nasu, masunta kuma suna tura kwalekwale da gora suna duba tarun da suka kafa tun daren jiya. Kifin da aka fi fitarwa karfasa ne da tarwaɗa, mata suna jira a bakin ruwa da kwanoni, wasu su soya nan take, wasu su ɗora a mota zuwa Maraɗi. A gefen ruwa akwai giyayya da bagaruwa da suke jure tsayuwa cikin ruwa wata da watanni, a ɗan nesa kuma manyan kukoki da tsamiya da kanya. Wanda bai taɓa zama ƙarƙashin tsohuwar kuka yana kallon ruwa mai faɗi haka ba, da wuya ya yarda cewa tafiyar rabin awa ce a mota daga babbar kasuwar Maraɗi.

Game da kushewun, abin da nake roƙon mai ziyara shi ne ladabi. Ra'ayin malamai ya bambanta a kan ziyarar irin waɗannan wurare, kuma ba wannan ne muhallin warware shi ba. Amma ko mene ne ra'ayin mutum, wurin kabari ne, mutanen garin suna girmama shi, saboda haka ba a taka shi da takalmi, ba a ɗaga murya, ba a ɗaukar hoton masu addu'a ba da izininsu ba. Girmamawar nan ma tana daga cikin abin da ya raya wasu tsofaffin itatuwa a kewayen, domin gatari ba ya saurin kusantar inda ake jin nauyi.

Abin da yake damuna da tafkin shi ne cikewa. Kowace damina ruwa yana wanko rairayi da laka daga gonakin da aka sare wa itatuwa ya zuba a cikinsa, sai ya zama tamkar randar da laka ta taru a gindinta: bakinta yana nan yadda aka san shi, amma ruwan da take ɗauka ya ragu. Masunta sun fi kowa sanin haka, domin gorar da suke tura kwalekwale da ita ce ma'auninsu. Mai wucewa a mota zai ga ruwa yana ƙyalli ya ce lafiya lau, sai wanda ya bi gaɓa da ƙafa ne zai ga bakin kowane kwazazzabo da tulin rairayin da ya kawo.

Kudu maso yamma da nan akwai dajin Baban Rafi, a ƙasar Gabi, jingine da iyakar Najeriya. Shi ne daji mafi girma da ya rage a kudancin jihar, dubban hektoci na geza da sabara da taramniya da marke, kuma daga cikinsa ne itacen girkin Maraɗi ya daɗe yana fitowa, har aka kafa kasuwannin itace na karkara a shekarun 1990 domin ƙauyukan da ke kewaye su riƙa sara bisa tsari suna amfana. A shekarun 1980 da 1990 giwaye suna ƙetarowa daga dazuzzukan Najeriya su zauna a cikinsa, manoman yankin suna tuna su da sha'awa da kuma haushin ɓarnar da suka yi wa gonaki. Yau ba zan ba kowa shawarar shiga wannan daji domin yawo ba. Tun wajen 2018 ɓarayin shanu da masu satar mutane suka addabi ƙauyukan bakin iyaka a ƙasashen Madarumfa da Gidan Rumji, kuma dajin yana daga cikin wuraren da suke fakewa. Wannan hasara ce babba, kuma waɗanda suka fi ɗanɗana ta su ne mazauna wurin da suka rasa dabbobi da barci da ƴan uwa. Bayan tasu hasarar akwai wata da ba a cika ambata ba: yara suna tasowa a Maraɗi ba su taɓa ganin daji na gaske ba, alhali yana nan kusa da su. Ina addu'ar Allah ya dawo da zaman lafiya a wannan yanki, mutanensa su koma gonakinsu da kiwonsu cikin kwanciyar hankali.

Wanda yake son ganin itatuwa ba tare da fargaba ba, sai ya yi gabas ta hanyar Agye. A nan babu gandu, babu shinge, gonakin mutane ne kawai, amma a ganina suna daga cikin wuraren da suka fi cancantar a taka a duk faɗin ƙasar nan. Bayan farin shekarun 1970 da yunwar 1984, wadda iyayenmu suke kira El Buhari, gonakin wannan yanki sun zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi har manomi ya yi shuka sau biyu ko uku. Sai manoma suka koma ga wata dabara mai sauƙi da ake kira sassaben zamani: maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture lokacin sharar gona, sai a zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi a bar su, a yi musu aski, a kare su har su zama itace. Wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda ya zauna a Maraɗi, yana daga cikin waɗanda suka ƙarfafa wannan aiki tun 1983, kuma an ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. Amma hannun da ya riƙe adda na manoma ne, su ne kuma suka yaɗa dabarar daga ƙauye zuwa ƙauye. Binciken da aka yi da hotunan tauraron ɗan Adam ya ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a kudancin Nijar, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram. Ƙauyen Ɗan Saga na ƙasar Agye ya yi suna a kan haka, saboda mutanensa sun kafa kwamitin da yake sa ido kan masu sara.

Tafiya cikin waɗannan gonaki bayan an gama girbi tana da daɗi irin nata. Gawo ya fara fitar da ganye a daidai lokacin da sauran itatuwa suke zubar da nasu, domin shi da damina yake tuɓewa ya bar rana ta sauka kan hatsi, da rani kuma ya yi inuwa ya zubo ƴaƴa ga awaki. Kowane manomi zai gaya maka cewa zangarniyar da ta fito a gindin gawo ta fi ta fili. Kalgo yana ba da igiya daga ɓawonsa, sabara tana magani, magariya da aduwa da kurna abin tsotson yara ne a hanya. Idan aka ƙara gaba zuwa ƙasashen Tasawa da Mayahi, sai a faɗa Gulbin Kaba, kwarin da ruwa ya daina gudu a yawancinsa amma goruba ta cika shi. A nan ma ido yana ganin bambanci tsakanin gorubar da aka bari ta girma ta yi rassa, da kabar da ake yanka tun tana ƙarama domin tabarma da igiya da faifai har ta kasa tashi daga ƙasa.

Akwai ladubban da nake ganin wajibi ne mai irin wannan tafiya ya kiyaye. Idan ka isa ƙauyen da ba a san ka ba, fara da ƙofar maigari, ka gaishe shi, ka faɗi daga inda kake da abin da ya kawo ka, musamman a wannan zamani da baƙuwar fuska take tayar da hankalin mutane, kuma suna da hujja. Sau da yawa zai haɗa ka da wani saurayi ko dattijo ya raka ka, kuma da ɗan gari akan ci gari. Ba a ratsa gona da damina, ba a karya reshe, ba a tsinkar ɗan itacen garka sai an ba ka. Idan ka haɗu da garke a burtali, kai ne za ka kauce. Abin da ka zo da shi na leda, ka koma da shi, domin ledar da aka yar a daji cikin tumbin akuya take ƙarewa.

Wurin da ya fi nisa, wanda kuma ya fi zama a raina, shi ne Gadabeji. Daga Maraɗi ana yin kimanin kilomita 120 zuwa Dakwaro, daga can kuma a ci gaba arewa a ƙetare kwarin Tarka, inda gonaki suke yin ƙaranci har su ɓace. Tun 1961 doka ta shata iyakar arewa ta noma a ƙasar nan, ta bar abin da ke bayanta ga makiyaya, ko da yake yawan jama'a ya sa gonaki sun tsallake wannan iyaka a wurare da dama. An keɓe gandun Gadabeji a 1955, faɗinsa hekta 76,000, kuma a 2017 UNESCO ta amince da shi da kewayensa a matsayin yankin da ake kare halittu tare da rayuwar mutanen da ke cikinsa. Ƙasar Fulani ce, cikinsu har da Wodaɓe, da Buzaye, masu shanu dogayen ƙahoni da raƙuma da tumaki, waɗanda suke jan ruwa daga rijiyoyi masu zurfi da taimakon dabba.

A da akwai mariri da jimina da raƙumin dawa a wannan daji, fari da farauta suka ƙarar da su. Raƙumin dawa na Afirka ta Yamma, mai hasken fata fiye da danginsa na gabas da kudancin nahiyar, ya ɓace daga duk ƙasashen yankin sai Nijar kaɗai, a kewayen Kure da ke kusa da Yamai, inda a 1996 aka ƙirga 49 kacal. Kariyar da aka ba su ta sa suka haura 600. Domin kada dukansu su kasance a wuri ɗaya, a watan Nuwamba na 2018 aka ɗauko takwas a manyan motoci aka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su zuwa Gadabeji, bayan kusan shekara 50 rabon wurin da su, a 2022 kuma aka ƙaro huɗu. Sun zauna, har sun fara haihuwa a can.

Ganin raƙumin dawa daga cikin mota abu ne mai kyau, amma tafiya a ƙasa a bayan ma'aikacin gandu yana bin sawu wani abu ne dabam. Ƙasar tuddai ce marasa tsawo da ciyawa ta rufe, tsakaninsu kwaruruka inda aduwa da kandili da jiga da anza suke taruwa. Ana hawa tudu a sauka, a sake hawa, ba a jin komai sai iska da ƙarar busasshiyar ciyawa a ƙarƙashin takalmi. Mai rakiya zai tsaya ya nuna maka sawun barewa, ko ramin yanyawa, ko inda tuje ya tashi, ko reshen da aka ci ganyensa a tsayin da babu akuyar da za ta kai. Sannan can a gaba sai ka ga wani dogon abu da ka ɗauka kututture ne ya juyo da kai yana dubanka. Ba a matsa masa, ba a gudu wajensa da wayar hannu, a tsaya daga nesa a bar shi ya ci gaba da kiwonsa. Na tsaya a irin wannan wuri na ji girman Mahalicci ya cika mini zuciya, na kuma ji nauyin cewa dabbar da ta rage a ƙasarmu kaɗai an damƙa wani kaso nata a hannun jiharmu.

Babban abokin gabar wannan daji wuta ce. Bayan damina mai kyau ciyawa takan yi yawa, da ta bushe kuma guntun taba ko garwashin shayi da ba a kashe ba ya isa ya cinye abincin dabbobi na rani gaba ɗaya. Shi ya sa kowace shekara ake share dogayen hanyoyi cikin ciyawa domin tare gobara, kuma shi ya sa baƙo ba shi da hurumin hura wuta inda ya ga dama. Sai kuma masu kwasar ciyawa a amalanke da mota su kai kudu su sayar, abin da yake haddasa saɓani tsakaninsu da makiyaya. Duk wanda ya yi niyyar zuwa, ya fara da ofishin ma'aikatan ruwa da dazuzzuka ya nemi izini da mai rakiya, ya tambayi hukuma halin da hanya take ciki ta fuskar tsaro kafin ya tashi, ya kuma nemi mota mai jure rairayi. Ya ɗauki ruwa fiye da yadda yake zato zai sha, da rawani saboda ƙura, da bargo domin sanyin dare a watan Disamba da Janairu ba wasa ba ne. Takalmi rufaffe da wando mai kauri dole ne saboda ƙarangiya, wadda take manne wa tufafi ta soki fata. Watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40, ba lokacin tattaki ba ne ko ga wanda ya saba.

Na san ba kowa ne zai iya zuwa Gadabeji ba, domin tafiyar tana cin kuɗi da kwanaki. Amma fadama tana ƙasan gari, kuma a nan nake da roƙo ga malaman makaranta da iyaye. Yaran birni da yawa yau ba sa bambanta kalgo da sabara, ba su san itacen da ake samun jiƙon da kakarsu take ba su ba, sun san dogon yaro da mangwaro ne kawai. Muna bikin dashen itatuwa kowace ranar 3 ga Agusta, ana kafa dashe a gaban manyan baƙi, alhali yaron da aka ba shi ya riƙe bai san sunan itacen da ya tsiro da kansa a bayan gidansu ba. Malami ɗaya da ajinsa za su iya sauka bakin gulbi ranar Asabar da sassafe, a nemi wani dattijo mai garka ya yi musu jagora, kowane yaro ya riƙe littafi ya rubuta sunan itace da amfaninsa da inda ya gan shi. Ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke karatun noma da muhalli za su iya taimakawa wajen haɗa sunayen Hausa da na kimiyya, su kuma su ƙaru da abin da dattawan suka sani wanda ba ya cikin takardunsu. A fara a watan Nuwamba, bayan an kai amfanin gona gida kuma rairayin gulbi ya bushe, a fita da ƙarfe shida da rabi, a dawo kafin rana ta take.